Jiniya Ba Ta Koya wa Mutum Tuƙi

Ran Asabar da daddare ina zaune a teburin mai shayi a Agege da ke Legas, bayan an idar da isha'i, sai ga wata a-kori-kura ta masu kaki ta ɓullo ta hannun da ba nata ba, jiniya na ta kuka. Mutanen da ke baya kowa ya damƙe ƙarfe da hannu ɗaya, bindiga a ɗayan. Wani yaro mai tura baron lemo ya daka tsalle ya faɗa kwata, baron ya kife, lemo ya watse a kwalta. Motar ko rage gudu ba ta yi ba.

Wani matashi direban keke da ke kusa da ni ya bi ta da kallo cikin sha'awa ya ce: "Kai! Waɗannan su ne direbobi. Kun ga yadda ya ratsa?"

Wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana jan tanka daga Apapa zuwa Arewa ya ajiye kofinsa ya ce: "Yaro, wannan ba tuƙi ba ne. Tsoro ya sa aka ba shi hanya. A kashe jiniyar ka gani ko zai kai Pen Cinema lafiya."

Maganar matashin nan ce ta hana ni sakat, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Da yawanmu mun ɗauka wanda ya fi taka totur shi ya fi iya mota, kuma da alama wasu daga cikin masu riƙe da sitiyarin motocin sintiri su ma haka suka ɗauka.

Ni ina tare da dattijon. Ra'ayina shi ne: damar kunna jiniya, da wuce danja, da gudun da ya wuce ƙa'ida, bai kamata kaki ya ba mutum ita ba. Jarrabawa ce ya kamata ta ba shi, jarrabawa mai tsauri, wadda ke da wa'adin ƙarewa, wadda kuma za a iya ƙwace ta. Ɗan sandan da bai ci wannan jarrabawa ba ya tuƙa motar hukuma yadda ni da kai muke tuƙa namu, ya bi layi, ya tsaya a danja.

Yadda wasu suka gyara nasu

A tsakiyar shekarun 1930 'yan sandan Landan suka buɗe makarantar koyar da tuƙi a Hendon, saboda motocinsu na yawan yin haɗari. A 1937 suka ɗauko wani basarake mai tseren mota, Lord Cottenham, ya tsara musu koyarwa. Mutumin da ya san gudu fiye da kowa, abin da ya kawo musu shi ne tsari: ka duba nesa, ka zaɓi wurin da motarka za ta zauna a kan titi, ka daidaita gudu, ka sa giyar da ta dace, sannan ka taka. Haɗurransu suka ragu ƙwarai, kuma har yau a kan wannan tushe ake koyar da su.

A can direbobin 'yan sanda hawa-hawa ne. Na matakin farko ba shi da izinin keta dokar titi ko kaɗan. Kafin ya samu damar amsa kiran gaggawa da fitila da jiniya sai ya yi kwas na kusan mako uku a kan titi, malami na gefensa. Mai son hawa mataki na gaba, na manyan motoci masu gudu, sai ya ƙara wasu makonni. Bin mai laifi a guje kuwa darasi ne daban da izininsa daban. A cikin koyarwar har sa ɗalibi ake yi ya riƙa faɗar duk abin da idonsa ya gani da abin da zai yi a kai, da baki, yana tuƙi, don malamin ya san ko hankalinsa na riga motar isa wuri.

A 2022 Birtaniya ta sauya doka. Kafin nan, idan ɗan sanda ya yi haɗari a bakin aiki, kotu na auna shi ne da ma'aunin direban gari. Yanzu ana auna shi da ƙwararren direban 'yan sanda da ya samu irin horon da doka ta ƙayyade. Amma akwai sharaɗi: sai in ya yi horon, kuma ya sabunta shi a kan lokaci, galibi duk shekara 5. Wanda takardarsa ta mutu ya koma direban gari a idon alƙali.

Wannan sharaɗin shi ne ya fi jan hankalina. An ba su kariya, amma an ɗaure ta da horo.

"Ɓarawo ba ya jiran danja"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma tana da nauyi. Duk wanda 'yan fashi suka taɓa shiga layinsu da tsakar dare ya san tsawon minti ɗaya. In ka kira lambar gaggawa ta 112 ko 767, ba ka son jin cewa motar tana tsaye a danjar Ikeja.

Ni ma ban ce kada su yi sauri ba. Na ce wanda zai yi saurin ya zama an koya masa, an kuma gwada shi.

Mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya. Tafiyar kilomita 5 a gudun 60 minti 5 ce. A gudun 90 minti 3 ce da daƙiƙa 20. Ribar duka ba ta kai minti 2 ba, wannan ma in titin fayau yake, abin da ba kasafai ake samu a Legas ba. To me aka biya don samun wannan ribar? Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta taɓa birki, ya riga ya shafe tsawon ƙananan bas ɗin haya na danfo biyar ko shida a jere. In kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau 4 da rabi tsakanin gudun 50 da gudun 65.

Sannan motar da ta kife a Oshodi ba ta ceci kowa a Mushin ba. Sai ma a ɗebi wata motar da wasu jami'an a tura su wajenta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Yawancin motocin sintirinmu a-kori-kura ne, dogaye, nauyinsu a sama, ga mutane zaune a benci a baya babu bel. Irin wannan mota in ta sha kwana da gudu kifewa take. Na farkon da direba marar horo ke jefawa cikin halaka abokan aikinsa ne, kuma da yawa daga cikin waɗannan samarin na baya 'yan'uwanmu ne daga Arewa, iyayensu na can suna jiran ƙarshen wata.

Sanin lokacin haƙura

A ganina mafi girman darasi a horon direban ɗan sanda shi ne sanin lokacin da zai ɗaga ƙafa ya bar mutum ya tafi. A Birtaniya ɗakin da ke kula da kira ta rediyo yana iya ba da umarnin a daina bin mota nan take, shi ma direban yana iya yanke hakan da kansa idan ya ga haɗarin ya fi ribar. A farkon 2025 'yan sandan birnin New York suka hana jami'ansu bin mota a guje saboda laifin titi ko ƙananan laifuka, suka taƙaita shi ga manyan laifuka da na tashin hankali.

Mu dawo gida. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, aka ƙara 4 a Satumba, kowa ya san yadda lamarin ke kasancewa: mai babur ya hango jami'ai, ya juya ta wanwe, a bi shi. Ba na wanke ɗan acaban. Ya karya doka, kuma gudun da yake yi da fasinja a baya ganganci ne da ran wani. Amma tambayar da horo ke sa direba ya yi wa kansa ita ce: babur ɗin da za a kama ya kai ran matar da ke goye da jariri a bayansa? Ya kai ran mai tallar ruwa da ke tsakiyar titi? In amsar a'a ce, a ƙyale shi, gobe ma rana ce, kuma inda yake tsayawa ba ɓoyayye ba ne.

Wannan ba rauni ba ne. Zuciya ce ke hawa idan mutum ya ƙi tsayawa, jami'i ya ji an raina shi, daga nan idonsa ba ya ganin komai sai bayan wanda yake bi. Masu koyarwa sun san da wannan hali, suna kuma horar da mutum ya gane shi a jikinsa kafin ya rinjaye shi. Jawabi a ɗakin taro ba ya cire shi. Sai an hau titi da mutum, an matsa masa, an ga yadda yake yi.

"Babu kuɗi"

Wannan hujjar ba zan daɗe a kanta ba. Tun 2007 Legas ke da asusun tsaro da gwamnati da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, kuma daga cikinsa ake saya wa RRS, rundunar 'yan sandan kai ɗaukin gaggawa, da sauran rundunoni motoci da babura. Duk mun sha ganin bikin miƙa su, a jere suna ƙyalli. Mun kuma sha ganin gawarwakin irinsu a harabar caji ofis, gaba a lotse, taya a sace. Kuɗin sabuwar a-kori-kura guda a yau zai horar da direbobi masu yawa. Wanda ya iya sayen motar ya iya sa sharaɗi cewa ba mai riƙe makullinta sai mai takarda.

Wuraren koyarwa ma akwai. Ga Kwalejin 'Yan Sanda a Ikeja. Ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ke aiki tun 1988. Ga LASDRI, cibiyar da jihar ta kafa don direbobi, inda ake buƙatar mai tuƙin haya ya je duk shekara a gwada idonsa a sabunta masa kati. In an ga dacewar a gwada idon direban danfo duk shekara, wanda aka yarje wa ya wuce danja da gudu ya fi shi buƙatar gwajin.

Na san ana ɗaukar direbobi a aikin ɗan sanda a matsayin masu sana'a, ana kuma shirya musu bita jefi-jefi. Madalla. Amma bitar kwana biyu da hoto a ƙarshe ba ita nake nufi ba. Ina nufin jarrabawar da mutum zai iya faɗuwa.

"Legas ba Landan ba ce"

Gaskiya ne, kuma a nan masu wannan magana sun fi ni hujja a wani ɓangare. A Landan in aka ji jiniya mutane kaucewa suke. A titin Ikorodu da ƙarfe shida na yamma ina za ka kauce? Hagu danfo ya tsaya yana lodi, dama kwata ce a buɗe. Wasu direbobin ma da gangan suke ƙin matsawa, wasu kuma su maƙale a bayan mai jiniya su ci arzikin hanyar da ya buɗe.

Amma mu tambayi kanmu me ya sa mutane suka daina girmama jiniya. Saboda an ɓata ta ne. Motar banki jiniya, mai kuɗi da 'yan rakiyarsa jiniya, wanda zai kai oga ɗaurin aure jiniya. Mutumin da ya sha matsawa gefe sai ya ga ashe wani ne ke sauri zuwa biki, ranar da motar asibiti ta zo da mai naƙuda ba zai motsa ba. Babatunde Fashola ya yi shekara 8 yana gwamna, daga 2007 zuwa 2015, bai yi amfani da jiniya ba, kuma aikin gwamnati bai tsaya ba. A 2012 da kansa ya tare wani kanar na soja da ke tuƙi a layin da aka keɓe wa manyan bas na BRT. A Janairun 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya sa aka kama wani soja da ke tuƙa babur ta wanwe a titin Badagry. Ashe ke nan Legas ta riga ta amince cewa kaki ba lasisi ba ne. Saura a mai da shi tsari, ba sai ranar da gwamna ya gifta ba.

Farar hula da aka kama yana bin wanwe a jihar nan yana iya rasa motarsa gaba ɗaya, har gwajin ƙwaƙwalwa ake tura shi. Ta yaya za ka gamsar da shi cewa wanwe kisa ne, alhali motar da ta kama shi ta nan ta biyo ba tare da wata gaggawa ba?

Bambancin Legas da Landan dalili ne na a yi horon a nan, a kan titunanmu. A koya wa direba ratsa Oshodi da rana tsaka, da hawa gadar Third Mainland ana ruwa, da shiga Mile 12 lokacin da manyan motocin tumatir da albasa ke sauke kaya, 'yan dako na tsallaka titi da buhu a ka ba sa ganin gefe. Ya san cewa bayan kowace danfo da ta tsaya akwai mai shirin fitowa da gudu. Ya san cewa mai gilas a rufe da kiɗa a kunne ba ya jin jiniya sai ta zo kansa. Tsofaffin direbobinmu na tanka da tirela sun san rabin wannan karatun, da za a tambaye su.

Wanda ke zaune a gidan gaba

Akwai hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma daga bakin direbobin kansu ake jin ta: ko ka koya wa kofur duk tuƙin duniya, in oga ya ce "taka", takawa zai yi. Wa zai ce wa na gaba da shi "Yallaɓai, ba zan bi wanwe ba"? Gobe ya tsinci kansa a wani ƙauye, ko a bayan kanta.

Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ta sa nake cewa horo kaɗai bai isa ba. Dole a rubuta a ƙa'idar aiki cewa a kan sitiyari maganar direba ce ta ƙarshe game da gudu da hanya, kuma ba za a hukunta shi don ya ƙi umarnin ganganci ba. In kuwa aka yi haɗari, a tambayi wanda ya fi kowa girma a motar me ya ce, me ya hana.

A ranar 12 ga Nuwamba 2013 Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, ya rasu kusa da Lokoja a hanyarsa ta zuwa Kano, lokacin da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na wancan lokaci, Idris Wada, ta yi karo da motar da yake ciki. Ƙasa ta girgiza saboda farfesa ne sananne. Amma direban ayari ba shi ke zaɓar gudun ayari ba. Ana tashi a makare, a ce masa kada ya bari a bar shi a baya. Matuƙar wanda ya sa gudun ba ya amsa tambaya, sauya direba ba zai sauya komai ba.

Haka batun gajiya. Mutumin da ya kwana a shinge, da safe aka ce ya ja mota, ko malamin Hendon ne idonsa zai rufe. Haka tayar da ta sule, da birkin da ake bugawa sau uku kafin ya kama. Direba mai horo ya kamata ya samu ikon cewa wannan motar ba za ta fita ba.

Kada a ɗauko rabin dokar

Wani abokina ya ce da ni: in aka kwaikwayi dokar Birtaniya, ai an ba 'yan sanda rigar kariya ke nan, su buge mutum su ce horonsu ya yarda. Tsoronsa na kan hanya, kuma ni ma ba na goyon bayan a fara da kariyar. A can duk mutuwa ko mummunan rauni da ya biyo bayan hulɗa da 'yan sanda wajibi ne a miƙa shi ga hukuma mai zaman kanta ta duba. A 2023 babur ɗin ɗan sandan da ke rakiyar wata 'yar gidan sarautar Ingila ya buge wata tsohuwa mai shekara 81 a Landan, ta rasu, kuma rakiyar gidan sarauta ba ta hana a gurfanar da shi gaban kotu ba.

Don haka tsarin ya zama: horo tukuna, sai mai bincike na waje, sannan a yi maganar kariya. Duk haɗarin da motar 'yan sanda ta yi aka rasa rai ko gaɓa, a bar FRSC ta auna titi ta rubuta rahoto, rahoton ya je Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, iyalan mamaci su samu kwafi. Kowace mota ta zama da lamba babba a jiki da za a iya karantawa daga nesa, da littafin da ke nuna wa ya fita da ita, ƙarfe nawa, kan wane kira.

Wannan magana ta shafe mu Hausawan Legas fiye da yadda muke zato. Sana'o'in mutanenmu a bakin titi suke: tura baro, ga-ruwa, gyaran takalmi, dako, tallar rake da goro, keke. Idan aka buge ɗayanmu, sau da yawa yaro ne ɗan ci-rani da iyayensa ke Sakkwato ko Jigawa. Mutanen gari su haɗa kuɗin likkafani, a sallace shi, a ce kwana ya ƙare. Na yarda kwana ne, kowa da ranarsa. Amma addininmu bai taɓa mai da ƙaddara hujjar yafe ganganci ba, shi ya sa ma aka wajabta diyya a kisan kuskure. Shirunmu ne ke sa ran ɗan baro ya yi arha.

Muna da sarakunan Hausawa a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Muna da shugabannin kasuwa da na direbobi, wasunsu ma suna cikin kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, suna zama da DPO. A zama na gaba, bayan maganar ɓarayin waya da rikicin 'yan tasha, wani ya miƙe cikin ladabi ya ce: "Yallaɓai, su wa ke tuƙa motocin sintirin ofishin nan, a ina aka horar da su, yaushe aka gwada su na ƙarshe?" A nemi a rubuta amsar a takardar taro, a kuma sake tambaya bayan wata shida.